Kawu da Rubutu Mai Ƙaya

Kawuna ya rasu wata Talata da hantsi, a gidanshi na Dutsin-Ma, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wan mahaifiyata ne, kuma mai rubutun alluna ne irin na da, mai burushi da gwangwanin fenti. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don na ga alamar mantuwar ta fara tun ruwan wankanshi bai bushe a tsakar gida ba.

Kwana uku ina kan tabarmar makoki a ƙofar gida. Duk wanda ya zo, in ya gama addu'a ya shafa, magana ɗaya ce a bakinshi, wai Kawu ne ya rubuta mashi allon shago. Mai kemis ya faɗa, tela ya faɗa, mai faci ya faɗa har da girgiza kai. Ni ko ina cewa Allah ya ba da lada, amma a garin nan na tashi, na san shagon kowannensu. Ko ɗaya babu allon Kawu a kai. Duk sun cire sun ɗaura ledar nan da inji ke bugawa, wadda suke ce ma fileks, wadda rana ke cinyewa kafin damina biyu. Mai shayin bakin tasha, wanda ya fi kowa dogon yabo, na san inda nashi allon yake. Ya kife shi bisa bulo huɗu, a kai yake yanka burodi.

Mutum ɗaya na ga ya yi kuka na gaskiya, wani tsohon direban babbar mota daga Barkiya, abokin Kawu tun suna samari. Shi kuma bai samu sallar gawa ba. Muna dawowa daga maƙabarta ya sauka daga kan mashin, ya ga ƙasa a ƙafafunmu, ya gane an gama. Da muka tambaye shi abin da ya tsare shi, sai ya miƙo wayar ɗiyarshi.

Sanarwar rasuwar ce a ciki. Babban ɗan Kawu ya tsara ta, taubashina, wanda ke da shagon kwamfuta yana buga katin biki da fasta. Kafin a gama ɗinka likkafani ya zauna ya haɗa ta, ya watsa a wayoyi. Bayan baƙi wuluk, rubutu ruwan zinare, hoton Kawu a tsakiyar gajimare sai ka ce tallar turare. Kowace kalma, tun daga sunan mamaci har lokaci da wuri, ya zuba ta cikin rubutun nan mai kauri mai tsinaye da ake gani a saman satifiket, wanda 'yan kwamfuta ke ce ma gotik, kuma duka da manyan baƙaƙe. Ɗiyar direban ma'aikaciyar asibiti ce, ba wadda karatu zai gagara ba. Ta gane hoton, ta gane mutuwa ce, amma ta buɗa ta matse, ta juya wayar, ta kasa fitar da ƙarfe nawa za a yi salla. Kafin su samu sabis su kira wani, an riga an yi sahu.

Na karɓi wayar na duba. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa a firamare, na karanta rubutun yara iri-iri, har wanda mai shi ma ba ya ganewa washegari. Wallahi sai da na sa yatsa ina bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Tir. A ce mutum ya ƙare rayuwarshi yana faɗa da wannan ɓarna, kuma ɗan cikinshi ne zai yi mashi ita ranar da ya mutu.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma ranar addu'ar uku, bayan an shafa, taubashina ya miƙe ya shaida ma jama'a cewa zai sa a yo allon kabarin mahaifinshi a Katsina, na ƙarfe mai ƙyalli, kuma da rubutun da aka san Baba da shi. Wuri ya ɗauki Masha Allah. A gefe kuwa ga Kawu Babba, wan marigayin, wanda ke zaune a Kurfi, dattijo da ya haura tamanin. Ajin yaƙi da jahilci ya yi, yana karanta boko a hankali, leɓɓanshi na motsi. Sai da hayaniya ta lafa ya yi magana.

"Ni dai abu guda nake so. A sa wanda zan iya karantawa. Ina da niyyar zuwa duk Juma'a in Allah ya ba ni iko, kuma ba ni so wani ya riƙa ja na zuwa wurin ƙanena kamar baƙo."

Taubashina ya ce, "Baffa, kada ka damu. Tun daga bakin ƙofa za ka hango shi."

Wanda ya san maƙabartarmu ya san roƙon nan ba ƙarami ba ne. Cika take da sauri, kuma in ruwa ya daki sabbin kaburbura sau uku, duk kamarsu ɗaya. In ba allo, ko wanda ya haƙa da hannunshi sai ya yi ta dube-dube.

Bari in faɗi wane ne Kawu, ko a gane abin da ke ci na.

Karatun allo ya yi, kuma tun yana saurayi aka san shi da kyan hannu a alƙalami da tawada. Baƙaƙen boko wurin wanshi ya koye su. Da Kawu Babba ya gama ajinshi aka ba shi satifiket, ya rataye a ɗaki, sai Kawu ya sauke takardar ya yi kwanaki yana kallon kalmar da ke samanta. Ya sha ba ni labarin. Ya ce kallo ɗaya ya yi ya san duk wanda ya fara wannan rubutu alƙalami mai faɗin baki ya riƙe, irin namu, don in hannu ya sauko layin ya yi kauri, in ya gitta ya yi siriri. Ya feƙe kara da faɗi, ya rubuta a allo, ya wanke, ya sake. Daga baya ya samu burushi ya daidaita bakinshi da reza. Shi ne ya raɗa ma rubutun nan na gotik suna mai ƙaya, kuma har ya mutu bai kira shi da wani suna ba.

A goshin manyan motoci ya yi suna. Kalma ɗaya yake sawa, Haƙuri, ko Godiya, ko Nasara, baƙa ƙirin a kan ruwan ɗorawa, tana tsaye da ƙafafunta. Direbobi daga Dabawa da Shema har layi suke yi. Amma yana da dokoki, kuma ba ya sassauta su ga kowa. Mai ƙaya na layin sama ne kaɗai, kalma ɗaya, in ta yi yawa biyu, sauran bayani a yi shi da rubutu sassauƙa. Ta biyu, a bar mashi fili hagu da dama ya sha iska. Ta ukun ita ce wadda ya fi maimaitawa.

"Babban baƙi ɗaya a gaba, sauran ƙanana. In ka jera manyan, kowane sokin ɗan'uwanshi yake, mai karatu kuma ya rasa ta inda zai shiga."

In ya gama allo, sai ya goge hannu da kananzir, ya hau kekenshi ya tafi can ƙarshen layi, ya juyo a guje, ya wuce shagon yana waiwaye sau ɗaya tak. In bai kama abin da aka rubuta a wannan waiwayen ba, zai sauka ya shafe da farin fenti ya faro daga farko, ko da mai shagon na rantsuwa ya yi mashi kyau. Mutane dariya suke yi, dattijo da gemu yana tseren keke shi kaɗai. Shi ko cewa yake ba wanda ke ɗauko kujera ya zauna gaban allon shago, kowa wucewa yake.

An taɓa yin rigima a Kurfi. Wani Alhaji mai hatsi ya kira shi, ya ce yana son sunanshi da na mahaifinshi da sarautar da aka ba shi, da gero da dawa da masara da wake, duka da mai ƙaya, don ya ga irin shi ne a takardun manya. Kawu ya ce sunan kaɗai zai yi haka. Alhaji ya ce ai allonshi ne. Kawu ya ce allonshi ne, amma hannun ba nashi ba ne. Ya rufe gwangwanayenshi ya nufi tasha, ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba. Shekaru suka yi ba su gaisawa. Wannan Alhajin ma ya zo ta'aziyya, kuma a gabana ya ɗaga waya yana nuna sanarwar, yana cewa yaron ya gaji ubanshi. Na sunkuyar da kai don kada in faɗi abin da za a yi ta maimaitawa a dangi.

Kada wani ya ce Kawu ƙin zamani yake. Ranar da ɗanshi ya buɗe shagon kwamfuta, rigar Juma'a ya sa, muka tafi tare. Taubashina ya nuna mashi nau'in rubutu sun fi a ƙirga, ya danna sunan Kawu, sai ga shi ya fito da mai ƙaya kafin a ƙifta ido. Kawu ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo. Daga baya ya faɗa mani cewa baƙaƙen sun fi nashi daidaito, duk wanda ya zana su ya san aikinshi. To amma sunan bai cika faɗin takardar ba, sai taubashina ya kama gefenshi ya ja shi kamar roba har ƙafafun baƙaƙen suka kumbura. Ya ƙara mashi inuwa, ya zuba ruwan zinare, ya sa wani abu mai kama da harshen wuta a ƙasa, ya juyo yana murmushi yana jiran yabo. Kawu ya miƙe ya gyara hula.

"Injin ba shi da laifi," ya ce, ya fita. Bai sake taka shagon ba.

A nan dole in faɗi gaskiya a kan mamaci, don ba mala'ika nake yi ma ta'aziyya ba. Kawu bai iya koyarwa ba. Tsawa ya iya, da tsaki, da shiru mai zafi. Ni da nake ɗan ƙanwarshi ya kan zauna ya yi mani bayani, amma ɗan cikinshi ban taɓa jin ya ce mashi ya kyauta ba, ko sau ɗaya. Taubashina ya tashi yana jin gari na yabon rubutun babanshi, sai ya ɗauka darajar a jikin ƙayoyin take, in aka yawaita su an yawaita girma. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce mashi abin da aka yaba shi ne inda Kawu ya san ya tsaya.

Akwai aikin da Kawu ya yi wanda bai taɓa ambata ba. Yana bi wurin masu walda yana tsintar guntayen kwano, ya yanke su daidai, ya shafe da baƙin fenti, ya ajiye a soro. In an yi rasuwa, masu gawa suka nema, sai ya rubuta sunan mamaci da na mahaifinshi da farin fenti, manya-manya, sassauƙa, kuma ba ya karɓar komai. Wasu malamai suna ganin bai kamata a yi rubutu a kabari ba, shi kuma bai taɓa musu da su ba, wanda ya nema kaɗai yake yi mawa. Amma mai ƙaya bai taɓa shiga maƙabarta da hannunshi ba. Wasu masu hali sun taɓa roƙonshi ya ƙawata na mahaifinsu, ya ƙi.

"Mai zuwa kabari ko tsoho ne, ko idonshi cike yake da hawaye. Kada a ƙara mashi aiki."

Sai bayan ya rasu mai gadin maƙabartar ya faɗa mani cewa duk ƙarshen damina Kawu na zuwa da ɗan gwangwani a aljihu, ya bi layi-layi yana tayar da sunayen da ruwa ya cinye. Ba wanda ya aike shi, kuma yawancin masu kaburburan ba su sani ba.

Da wannan duka a kaina na tafi shagon taubashina kwana biyu bayan addu'ar uku. Na fara da wasa, kamar yadda muka saba, na ce na zo a fassara mani sanarwar ne, don har yanzu ban san ko wa ya mutu ba. Bai yi dariya ba. Na bar wasa na faɗa mashi maganar Baffanshi, na tuna mashi allunan kwano. Ya ce ni malamin firamare ne, abacada na sani, wannan kuwa dizain ne. Ya ce da mi aka san Baba a garin nan, da zai sa mashi guntun kwano kamar na kowa. Muka ɗaga murya har maƙwabcinshi ya leƙo. Can sai idonshi ya kaɗa.

"Baba bai taɓa cewa na iya ba. Ka bar ni in yi mashi wannan ɗaya."

Na ce mashi ko yanzu ma bai iya ba. Na faɗa, kuma gaskiya ce, amma ba ta gyara komai ba. Ya juya ya fuskanci kwamfutarshi.

Da yamma matar Kawu ta aiko kirana. Tana cikin takaba, tana zaune a kan tabarma, ta roƙe ni don Allah in bar maganar, kada gida ya rabu tun ba a yi bakwai ba. Ta ce yaron zuciyarshi a karye take, allo kuma ai ƙarfe ne kawai. Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce ta fi ba ni ƙyama a duk labarin nan, fiye da fileks, fiye da Alhaji mai hatsi. Na san daidai, na ji roƙon tsoho da kunnena, kuma akwai allunan kwano a jingine a soron Kawu waɗanda ya shafe bai kai ga rubutawa ba. Ko ni da mummunan hannuna zan iya rubuta suna biyu da farin fenti. Na zaɓi a ce ina da kunya.

Allon ya iso kafin arba'in. Layi shida ne, suna da laƙabi da addu'a, duka mai ƙaya, duka manyan baƙaƙe, a matse kamar shingen gona, ga furanni a kusurwa huɗu. An sassaƙa shi a jikin ƙarfe mai sheƙi, wanda in rana ta dake shi sai ka kau da ido. Aka kafa, aka ɗauki hoto, aka watsa. Jama'a suka yi ta tura yabo, kuma na rantse ba wanda ya karanta layi na biyu.

Kawu Babba bai samu zuwa da wuri ba, ƙafa ta tsare shi a Kurfi. Sai Juma'ar da ta biyo bayan arba'in ya iso. Da aka sauko masallaci muka nufi maƙabarta, ina riƙe da hannunshi saboda kwata da duwatsun hanya. An yi ruwa sosai a tsakani, ciyawa ta taso, an kuma ƙara layi biyu na sabbin kaburbura. A bakin ƙofa ya zare hannunshi daga nawa, ya ce in bi shi a baya, kuma kada in ce uffan.

Ya tuna ɓangaren, ya nufi can da sandarshi. Ya fara karanta allunan kwano ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanshi na motsi. Ya kira sunan wani mahauci da ya sani, ya ce Allah ya jiƙan shi. Ya kira na matar wani liman, ya kira na wani da suka yi fataucin shanu tare. Ko ɗaya bai gagare shi ba. Sau ɗaya ya waiwayo ya ce mani wannan duk hannun ƙanenshi ne, kamar ban sani ba.

Sai ya iso gaban ƙarfen mai sheƙi. Ya tsaya. Ya dogara sanda, ya kare ido da tafin hannu, ya sunkuya. Leɓɓanshi suka buɗe kamar zai fara, suka rufe. Ya koma gefe don ya kauce ma hasken, ya sake gwadawa. Ina tsaye bayanshi.

"Wannan wani babban mutum ne, ba ɗan garin nan ba," ya ce. "Allah ya jiƙan shi, ko wane ne."

Ya wuce.

Ya kai ƙarshen layin, ya shiga na gaba, ya karanta shi kaf, ya shiga na uku. Rana na dukanshi, numfashinshi ya fara nauyi, sandar na nutsewa a laka yana zaro ta. Na yi alkawarin shiru, kuma ga shi na iya shirun. A ƙarshen layi na uku ya tsaya, ya tambaye ni bai juyo ba.

"Ɗan nan, ko ba su sa mashi allon ba?"

Na je na kama hannunshi, na ja shi muka koma baya. Da na tsayar da shi gaban ƙarfen, ya kalle shi, ya kalle ni. Ya durƙusa da ƙyar ya ɗora tafinshi a kan ƙasar. Ya roƙi Allah ya yalwata ma ƙanenshi makwanci, ya haskaka mashi shi, ya yafe mashi zafin harshenshi, ya sa sunayen bayin Allah da ya tayar su zame mashi shaida ranar tsayuwa. Ina cewa amin.

Da muka juya bai saki hannuna ba, har muka wuce ƙofa, har muka kai bakin titi inda zai hau motar Kurfi. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a ciki ya yi magana, bai kalle ni ba.

"Juma'a mai zuwa ka jira ni a ƙofar. Ni kaɗai ba ni gane shi."